Ɗanyun Furanni, Furannin Roba ko Aikin Hannu: Wanne Ya Dace da Wurin Bikinku?

Da zarar an sa rana, lissafin gidan amarya yakan fara daga kayan ɗaki, ya bi ta kan anko da abincin baƙi da kuɗin wurin taro, sai can a ƙarshe, bayan aljihu ya riga ya yi sauƙi, a tuna cewa dandamalin da ango da amarya za su zauna a kai yana buƙatar ado. A nan ne mai kwalliyar wuri, wanda yanzu aka fi sani da mai dekoreshon, zai buɗe wayarsa ya shiga nuna hotuna, yana tambaya ko ɗanyun furanni ake so, ko na roba, ko kuwa adon gargajiya na faifai da ƙwarya da tabarmi. Yawancin masu shirin aure da ido suke amsa wannan tambaya, wato su nuna hoton da ya fi burge su, alhali amsar tana rataye ne a kan abubuwan da hoto ba ya nunawa: watan da za a yi bikin, irin wurin da za a yi shi, da kwanakin da suka rage kafin ranar. Na daɗe ina sa hannu a hidimar bukukuwan dangi da na maƙwabta, kuma kowanne cikin ukun nan na ga ranar da ya fitar da masu biki kunya, na kuma ga ranar da ya ba su ita.

Idan kyau kaɗai ake magana, babu abin da ya kama ƙafar ɗanyen fure, kuma ba zan rage masa komai ba. Yana da ƙamshi, yana da laushi, launinsa kuma ba ɗaya ba ne daga tsakiya zuwa gefe, shi ya sa idan mai hoto ya matso kusa da hannun amarya mai ɗauke da lalle, furen gaske ne kawai yake iya tsayawa kusa da wannan zane ba tare da ya zubar masa da daraja ba. Matsalarsa ita ce furen wardi, wanda masu sana'ar ke kira ros, ɗan ƙasar sanyi ne. Manyan gonakinsa a Afirka suna kan tuddai ne, kamar kewayen tafkin Naibasha a Kenya, inda tsayin ƙasa ya kusa mita 1,900 daga teku, da kuma tuddan Habasha, daga can ake loda shi a jirgin sama cikin sanyi zuwa kasuwannin duniya. A Najeriya, Jos ce ta fi dacewa da shi saboda tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, daga can ne kuma masu kwalliya da dama a Arewa suke yo odarsa. Wannan fure ana ajiye shi ne a ɗakin sanyi mai ma'aunin digiri 2 zuwa 4, mu kuwa muna so mu kafa shi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40 ko ya haura.

Na ga abin da wannan tazara take haifarwa a bikin 'yar yayana, wanda aka yi a cikin bazara a ƙarƙashin rumfa a harabar gida. Furannin sun baro Jos da daddare a bayan mota, sun iso da hantsi suna sheƙi, aka jera su tun azahar domin an ce taro ƙarfe huɗu ne. Amarya ba ta fito ba sai bayan magariba, kamar yadda aka saba. Kafin lokacin fararen wardin nan duk sun sunkuyar da kai, gefensu ya koma ruwan ƙasa kamar an gifta musu wuta, kuma duk wanda ya taɓa tebur sai ganyen furen ya zubo. Da ta zauna ta dube su, sai ta jawo hannuna ta ce a hankali, "Gwaggo, ai ba waɗannan na zaɓa ba." Na ce mata, "Su ne, 'yata, rana ce ta taɓa su." Mai furannin bai cuce mu ba, abin da aka biya shi ya kawo. Mu ne ba mu tambayi kanmu awa nawa za su yi a waje ba tare da ruwa ba kafin a gan su.

Saboda haka wanda ya ƙudura sai ɗanyen fure, to ya tabbata wurin taronsa rufaffe ne mai na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma tabbata za a kunna ta tun lokacin da ake jera furannin, domin masu wuraren taro da yawa ba sa tayar da janareta sai baƙi sun fara shigowa, don tattalin mai. Furannin su iso kwana ɗaya kafin biki, a yanke gindin kowanne a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse a ruwa domin shi ne yake ruɓewa ya toshe karan, sannan a tsoma su a bokiti mai tsabta a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kada a ajiye su kusa da ayaba ko mangwaro ko tumatir da suka nuna, domin 'ya'yan itace nunannu suna fitar da wata iska da take tsofar da fure da wuri, kuma a gidan biki sau da yawa ɗaki ɗaya ake tara komai. Ba duka furanni ne kuma raunin su ɗaya ba. Kaneshon da kirisantimom suna jure zafi da ƙishirwa fiye da wardi nesa ba kusa ba, ga su da sauƙin kuɗi, yayin da haidaranjiya, wannan mai dunƙulallen kai da ake yawan gani a hotunan bukukuwan Turai, takan yanƙwane cikin ɗan lokaci idan ta rabu da ruwa. Furen lili kuwa yana da garin tsakiya mai ruwan lemo wanda idan ya taɓa farin leshi yake kama shi, don haka a tsinke kawunan da ke ɗauke da garin tun furen yana buɗewa, idan kuma ya riga ya zuba a tufa kada a goga da ruwa, a ɗaga shi da salatif.

Lokacin hunturu ya fi yi wa ɗanyen fure sauƙi ta fuskar zafi, sai dai iskarsa busasshiya ce, tana zuƙe ruwan fure kamar yadda take fasa leɓe, don haka sai an riƙa yi masa feshin ruwa. Wanda bikinsa ya faɗo a makon 14 ga Fabrairu, wato ranar masoya, kuma ya san cewa a lokacin ne jan wardi ya fi tsada a ko'ina.

Furen roba an yi shi ne domin ya warware duk waɗannan matsaloli, kuma gaskiya yana warware su. Ba ruwansa da rana, ba ruwansa da jinkirin amarya, ana iya ɗaura shi tun jajibiri a kwana da kwanciyar hankali, kuma ana samunsa a kowane launi, har launukan da Allah bai halicci wardi da su ba, abin da ke sa a iya daidaita shi da ankon ƙawaye daidai wa daida. Wanda yake da mai asma a cikin iyayensa ma ya huta da fargaba. Duk wani babban bango na furanni ko ƙofar shigowa mai lanƙwasa da ake gani a bukukuwan garuruwanmu, kusan duka na roba ne ko na yadi, domin cika irin wannan fili da furen gaske sai mai hannu da shuni ƙwarai. Galibinsu daga Sin ake shigo da su, ana samunsu a manyan kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya bi sahun sauran kayan waje. Wannan ya sa saye domin biki ɗaya ba dabara ba ce, haya ita ce hanya, sai fa idan akwai 'yan mata biyu ko uku a gidan da aurensu ke tafe a jere.

Sai dai furen roba hawa-hawa ne, kuma a nan ne araha ba ta ado. Akwai mai ƙyalli irin na leda wanda hasken kyamara yake tona masa asiri nan take, akwai kuma na yadi mai taushi wanda sai an taɓa ake gane ba na gaske ba ne. Na hayar ma yana da tarihinsa: wataƙila ya halarci bukukuwa masu yawa kafin naku, ya sha ƙurar hunturu a sito, farinsa ya koma ruwan madara, wayoyinsa sun fara leƙowa. Hoton da mai kwalliya zai nuna a Instagram na ranar da kayan suke sababbi ne, wani lokacin ma ba aikinsa ba ne. Gani ya kori ji, don haka a je sitonsa da rana tsaka a ɗaga furannin a duba, ko a nemi ya faɗi inda zai yi aiki a ƙarshen mako a leƙa kafin baƙi su zo. Idan sun yi ƙura, a sa sharaɗin wanke su da ruwan sabulu a shanya a inuwa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato wuta. Roba da yadin roba suna kamawa cikin ƙiftawar ido, bukukuwanmu kuwa ba sa rabuwa da kaskon turaren wuta, ga kyandirori, ga tartsatsin wutar da ake kunnawa idan ango da amarya za su shigo. Duk wanda ya zaɓi bangon roba ya tabbata an nisanta shi da waɗannan.

Aibin furen roba da ya fi damuna ba ya cikin waɗannan. Shi ne ya sa bukukuwanmu suka koma kama ɗaya, har idan aka cire fuskokin ma'aurata daga hoto ba za a iya gane bikin wane ne ba, ko a wane gari aka yi shi.

Wannan ne ya sa zuciyata ta fi karkata ga aikin hannu, ko da yake shi ma yana da nasa sharuɗɗan masu nauyi. Ado da abin da hannu ya yi ba baƙon abu ba ne a auren Hausa, domin tun kafin a san wurin taro na haya, jeren ɗakin amarya shi ne abin da mata ke zuwa kallo: ƙore da faya-faye a da, daga baya tasoshi da kwanonin samira da fanteka a jere har rufi. Abin da masu kwalliya suka yi a 'yan shekarun nan shi ne fito da wannan jere daga ɗaki zuwa filin biki. Kayansa kuwa suna nan a kusa. A kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ana samun faifai da adudu da mafici da akushi da ludayi da tumtum na fata. A karofin Ƙofar Mata ana rina yadi da baba yadda mutum yake so. Tasoshin tagulla na Bida, tukwanen ƙasar Gwari irin waɗanda suka ɗaukaka sunan Ladi Kwali har hotonta ya hau takardar naira 20, da aikin dukawan Damagaram, duk suna iya zama adon dandamali. Na taɓa tsayawa a gaban wani bango da aka yi wa wata amarya ranar kamu: an shimfiɗa shuɗin yadi mai duhu, aka ɗinka faya-faye manya da ƙanana a kai, masu ja da kore da ruwan ɗorawa, wasu suna hawa kan wasu, a ƙasa aka shimfiɗa tabarmar kaba aka jera tumtum, sai tulu biyu a gefe da aka cusa musu zangarniyar dawa da gero da reshen bishiyar turare. Tsofaffin da suka zo sun daɗe a gabansa suna nuna wa jikokinsu sunan kowane abu.

Akwai kuma rukuni na biyu na aikin hannu, wanda amarya da ƙawayenta suke yi da kansu. Ana yin manyan furanni da takarda mai kauri da almakashi da gam, ana naɗa ƙanana da ƙyallayen da suka rage a wurin tela bayan ɗinkin anko, wanda hakan ke sa launin wurin ya dace da na jikin mutane ba tare da an sha wahalar nema ba, masu iya saƙa da kwarashi kuma suna yin shimfiɗar tebur da 'yan jakunkunan rabon kyauta. Kuɗin kayan aikin kaɗan ne, amma abin da ake biya da shi lokaci ne, kuma a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Babban furen takarda ɗaya yakan ci wa sabon hannu kusan awa guda, bango kuwa yana buƙatar gommai. Amaryar da ta ɗauki wannan aiki ita kaɗai a makonni biyun ƙarshe, lokacin da take tsakanin tela da gyaran jiki da jere da rabon kati, za ta isa ranar bikinta a gajiye da aikin da bai kammalu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka sai dai a yi gayya, a tara ƙawaye da ƙanne duk ƙarshen mako tun saura wata biyu, a kuma sa wadda ta fi iyawa ta yanka samfuri guda da kowa zai bi, in ba haka ba furannin za su fito kowanne da kamanninsa.

Ko kayan masu sana'a ma ba a samunsu da yawa a rana ɗaya idan ana son launi da girma na musamman. Masu saƙa faifai da tabarma galibi matan karkara ne da suke yi a tsakanin aikin gida, faifai mai kyau yana cin kwanaki, da damina kuma hankalin kowa yana gona. Wanda yake son guda hamsin masu launi ɗaya ya ba da aikin tun saura wata uku. Daminar tana da wata illar: laima tana sa kaba da ƙwarya su yi fumfuna idan aka tara su a ɗaki marar iska, rinin wasu faya-fayen yana zuba idan ruwa ya taɓa shi, furen takarda kuwa iskar hadari ɗaya ta ishe shi. Sannan a lura da girman wuri, domin kayan hannu ƙanana ne, an yi su ne don tsakar gida da ɗaki, babban zauren taro mai dogon rufi yana haɗiye su. Wasu kuma garin gudun haka sai su tara komai da komai, turmi da taɓarya da sirdi da fitilar ƙwai da kwando, har wurin ya koma kamar rumfar mai sayar da kayan tarihi. Abu uku ko huɗu da aka maimaita da tsari sun fi ashirin da aka zuba.

Idan aka zo kan kuɗi, ba zan kawo farashi ba domin kafin a gama karantawa ya canza, amma akwai tambayar da ba ta canzawa, wato me zai rage washegari. Kuɗin ɗanyen fure yana ƙarewa a daren, kuma bayan kuɗin furen akwai na mota da na sanyi da na wanda zai kula da shi. Kuɗin hayar na roba shi ma ya tafi, sai dai bai kai wancan ba, kuma yakan haɗa da ɗaurawa da kwancewa. Kayan hannu kuwa idan saye aka yi, suna bin amarya ɗakinta: faifai ya rufe kwano, tabarma ta karɓi baƙi, tumtum ya zauna a falo, kuɗin kuma ya shiga hannun masaƙa da dukawa da marina na garuruwanmu. Ga ma'auratan da za su fara zama da bashin kayan ɗaki a wuyan iyaye, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Abin da aka umarta a yi shi ne walima, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi ta ko da da akuya ɗaya, don haka duk adon da zai rage abincin baƙi ya wuce matsayinsa.

Shawarata ita ce kada a ɗauki ɗaya a yi watsi da sauran, a ba kowanne wurin da ya fi ƙarfi. Ranar sa lalle da kamu da wunin mata, waɗanda galibi a gida ko a fili ake yin su da rana, aikin hannu ne ya dace da su, domin zafi ba ya taɓa shi, kuma ya yi daidai da tufafin da ake sawa a ranakun. Idan za a yi dina a babban zaure da daddare, a yi hayar furen yadi mai kyau domin bango da wurare masu tsayi da ido ke hangowa daga nesa. Ɗanyen fure kuma a taƙaita shi ga inda hannu da hanci suke kaiwa, wato damin da amarya za ta riƙe da ɗan abin da za a ɗora a teburin gabansu, wanda bokiti ɗaya ya ishe shi, ana kuma iya ɓoye shi a sanyi har sai an ce ga amarya nan. Ana iya cika shi da ganyen turare da furen lalle idan lokacinsa ne, wanda ƙamshinsa ba ya buƙatar jirgin sama. Wanda walima kaɗai zai yi a gida, tabarmi masu kyau da shimfiɗa mai tsabta da turaren wuta sun wadatar.

Duk wanda aka zaɓa, a kama mai kwalliya da wuri idan bikin ya faɗo a watan Sha'aban ko bayan ƙaramar salla ko a Disamba, domin a waɗannan lokuta mutum ɗaya yakan karɓi aiki uku a rana guda ya tura yaransa zuwa biyu daga cikin ayyukan. A tambaye shi kai tsaye ko shi da kansa zai zo. Kafin a ba da kafin alƙalami a rubuta komai a takarda ko a saƙon waya: launi, yawan furanni da irinsu, ƙarfe nawa za a gama ɗaurawa, wa zai biya kuɗin mota, da abin da za a yi idan wani abu ya karye ko ya ɓata, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin sai an ga aiki. A tambayi masu wurin taro ko suna yarda a buga ƙusa ko a manna abu a bangonsu, da kuma ƙarfe nawa za su buɗe ƙofa, domin wani lokacin akwai wani bikin kafin naku a wannan rana. Ango da amarya su zauna su amince a kan adadin kuɗin ado tun kafin a fara kallon hotuna, kuma a san wane gida ne zai biya na wace rana, saboda kada maganar ta taso a makon biki.

Daga ƙarshe a naɗa mutum ɗaya daga cikin dangi, wanda ba ya cikin 'yan rakiyar amarya, a ba shi jerin kayan da aka saya da waɗanda aka yi haya. Idan taro ya watse kowa yakan bi motocin kai amarya, a bar wurin a hannun yaran mai kwalliya da 'yan kallo, kuma a wannan rabin awar ne faya-faye da tumtum suke bin hannun mutane. Shi wannan mutum zai tsaya ya ƙirga na haya ya miƙa wa mai su, ya tattara na amarya a buhu, ya kai mata ɗakinta kafin ranar buɗar kai.